Suna Ɗaya, Ga Yadi Ga Waina

Jama'a, wanda ya saba ratsa layin 'yan yadi a kasuwar birni ba zai rasa ganin wani irin yadi ba mai laushi, wanda fuskarsa take a yamutse kamar bayan hannun tsohuwa. In ka shafa shi sai ka ji ɗan kaushi-kaushi, kamar an barbaɗa masa rairayi. Baƙon abin ya kan ce ajiya ce ta ɓata shi, ko kuwa an wanke shi ba a yi masa guga ba, har ya nemi a rage masa kuɗi. To, ba lalacewa ya yi ba. Haka aka saƙa shi da gangan, kuma yamutsewar nan ita ce tsadarsa. Turawa suna rubuta sunansa haka: crêpe. Da yake harshenmu ba ya son baƙi biyu su haɗu ba wasali a tsakani, mu sai mu ce kiref, kuma haka za mu riƙa rubuta shi a nan.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan zance shi ne, in ka je ƙasar Faransa ka shiga gidan abinci ka ce a ba ka kiref, ba wanda zai ɗauko maka yadi. Waina za a kawo maka a faranti, da zafinta. Me ya haɗa abin sawa da abin ci har suka yi tarayya a suna? Sai mun bi sawun kalmar zuwa inda ta fito tukuna za mu gane.

Mu fara da yadda aka rubuta ta. Malamin aji ya rubuta crêpe a allo da manyan baƙaƙe, kowa ya duba da kyau. A kan harafi na uku akwai wata 'yar alama kamar malafa. Mun san yadda muka sha fama kafin mu rarrabe k da ƙ, da d da ɗ, saboda ɗan lanƙwasan nan da ke kansu. Kowace alama a rubutu tana da dalilinta. Ita wannan malafa shaida ce cewa a wurin nan dā akwai harafin s. Kakannin Faransawa crespe suke cewa, kuma haka suke rubutawa. Yau da gobe bakin mutane ya gaji da furta s ɗin, ya yar da shi, amma marubuta suka yi ta rubuta shi shekara da shekaru ba mai faɗarsa. A 1740 majalisar masana harshen Faransanci ta fitar da sabon bugun ƙamusunta, ta cire irin wannan s daga kalmomi masu yawa, ta ɗora malafa a kan wasalin da ke gabansa don kada a manta da shi.

Muna da abin da za mu gwada wannan da shi a cikin Hausarmu. Kalmar asibiti daga Turancin Ingilishi muka are ta, su kuma Ingilishi daga tsohon Faransanci suka aro, tun s ɗin yana nan. Shi ya sa har yau muke jin si a tsakiyar asibiti. Su kuwa Faransawa masu kalmar sun yar da nasu, suna rubuta hôpital, da malafa a kan o. Ashe wani lokaci mai aro ya kan fi mai kaya adana kayan.

To, ina Faransawa suka samo crespe? Daga Latin, watau harshen Rumawan dā, wanda shi ne uwar Faransanci da Italiyanci da Sifaniyanci. A harshen Latin akwai kalmar crispus. Ma'anarta abin da ya nannaɗe, musamman gashin kai. Mutum mai nannaɗaɗɗen gashi shi ne crispus, har ya zama laƙabi, yadda mu ma muke kiran mutum Dogo, ko Jatau, ko Duna, saboda kamanninsa, sa'an nan sunan ya bi 'ya'ya da jikoki ko da su ba haka suke ba. Akwai wani mashahurin marubucin tarihi na Rum, wanda ya rayu fiye da shekara 2000 da suka wuce, mai suna Salustiyus, wannan laƙabi ne a ƙarshen sunansa.

Kun ga ke nan, tun asali kalmar ba sunan yadi ba ce, ba kuma sunan abinci ba. Siffa ce, tana faɗin yadda abu yake a ido: ya nannaɗe, ya yamutse, ya tattare. Duk abin da ya yi wannan kama yana iya cin sunan. Mu ma haka muke yi. Muna cewa saƙar tufa, da saƙar zuma, da saƙar gizo-gizo, alhali ƙudan zuma bai taɓa zama a masaƙa ba.

Yanzu mu koma wajen yadin. Matan da suka iya kaɗi su za su fi saurin gane asirinsa. Kowace mai kaɗi ta san in ta bar mazari ya yi ta juyawa fiye da kima, zaren ya kan murɗe ƙwarai, da ta sassauta hannu sai ya harɗe kansa ya ƙudundune. A wurinmu wannan aibi ne. Masu yin kiref kuwa shi suke nema. Su kan murɗa zare ninki biyu ko fiye da na sauran yadi, wani su murɗa shi ta dama, wani ta hagu. In an zo saƙa sai a riƙa jera su bi da bi, na dama su wuce, na hagu su biyo. Siliki kuwa yana fitowa daga jikin tsutsarsa da wani irin danƙo, shi ke riƙe zaren ya tsaya a miƙe muddin ana saƙa. Saboda haka in aka sauke yadin daga masaƙa sumul yake, ba wanda zai ce zai yamutse. Sai a jefa shi cikin ruwan zafi da sabulu a dafa. Danƙon ya narke. Kowane zare ya nemi warwarewa, wannan yana ja nan, wancan yana ja can, ga shi kuwa saƙa ta ɗaure su ba inda za su. Daga nan sai yadin ya tsuke, fuskarsa ta yi ƙananan tudu da kwari. Wannan shi ne kiref na ainihi.

Dā da siliki aka fi yinsa, kuma akwai wani iri mai taushi ƙwarai da Faransawa suke kira kiref na Sin, don tunawa da ƙasar da siliki ya fito. Yanzu ana yinsa da ulu, da auduga, da zaren roba wanda ake haɗawa a masana'anta, kuma na roba shi ya fi yawa a kasuwa, shi ake ɗinka mayafai da dogayen riguna da shi. Ba laifi ba ne mutum ya sayi na roba, yana da ƙarko da sauƙin wanki. Laifin shi ne a sayar maka da shi a kuɗin siliki. In kana shakka, nemi a zare maka ɗan zare daga gefe, ka ƙyasta masa ashana. Siliki ya kan ƙone a hankali, ya yi ƙauri kamar na gashi, ya bar baƙar toka mai murmushewa a yatsa. Na roba kuwa narkewa yake yi, ya dunƙule ya zama ɗan ƙwallo mai tauri. Sa'an nan a kiyaye wajen guga. Wadda ta danna wa kiref dutsen guga mai zafi don ta miƙar da shi, ta kashe abin da ta ba da kuɗinta dominsa.

Akwai lokacin da wannan yadi ya zama abin tsoro a Ingila, wanda ba mai son ganinsa a gidansa. Ingilishi sun ari kalmar tun tsakanin 1600 da 1700, suka rubuta ta yadda ta yi musu daidai, crape. A wurinsu sai ta zama sunan wani baƙin yadi na makoki. Shi wannan ba ya dogara ga murɗin zare kaɗai. A kan saƙa siliki shara-shara, a bi da shi tsakanin ƙarafa masu zane da aka ɗumama su danne shi ya yamutse, a rina shi baƙi ƙirin, sa'an nan a sa masa abin da zai sa ya yi tauri. Ba ya ƙyalli ko kaɗan. Abin da ake so ke nan, don a ganinsu wanda yake cikin baƙin ciki bai kamata wani abu ya yi walƙiya a jikinsa ba.

A watan Disamba na 1861 Yarima Albat, mijin Sarauniya Biktoriya, ya mutu. Sarauniya ta sa baƙaƙen kaya, ba ta kuwa sake su ba har ta mutu a watan Janairu na 1901, watau kusan shekara 40. Da ma al'adar tana nan, amma da mutane suka ga Sarauniya ta riƙe ta haka sai abin ya ƙara tsanani. Macen da mijinta ya mutu sai ta yi shekara ɗaya da kwana ɗaya rigarta a lulluɓe da baƙin kiref, da mayafinsa a fuska in za ta fita. Bayan haka ta riƙa ragewa da kaɗan kaɗan, ba za ta fita daga makoki sarai ba sai bayan shekara biyu ko biyu da rabi. Ku gwada wannan da takaba ta wata 4 da kwana 10. Maza kuwa, kamar kullum, nasu da sauƙi: ɗan ƙyalle ne a jikin hula ko a damtse. Har a ƙofar gida a kan ɗaura shi, don mai wucewa ya san an yi rashi.

Ba za mu ɓoye ra'ayinmu ba, wannan al'ada ta wahalar da mata. Yadin yana da tsada. Yana da kaushi, yana cin wuya da fuska. Ba ya son ruwa, in yayyafi ya taɓa shi sai ya yi dabbare-dabbare ya saki jiki, ga ƙasar kuwa ta ruwa ce. Baƙin rinin yana zuba ya ɓata fata. Bugu da ƙari akwai camfin cewa barin kiref a gida bayan an gama makoki yana jawo wata mutuwar, don haka sai a yar, in an sake rashi a sake saye. Matar mai kuɗi ba ta damu ba. Matar leburan da ya mutu ya bar ta da yara, wadda ba ta san inda abincin gobe zai fito ba, ita ma sai ta ci bashi ta yi baƙaƙen kaya, ko ta kai tsofaffin tufafinta a rina, don gudun bakin maƙwabta. Wannan kam ba sai a Ingila ba. Mun san gidajen da sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in suka cinye abin da aka bar wa marayu.

Inda wani ya yi kuka nan wani ya samu. Wani gida mai suna Courtauld, waɗanda kakanninsu suka gudo daga Faransa saboda rikicin addini, suna da masaƙu a lardin Essex, gabas da Landan, su suka fi kowa yin wannan baƙin yadi, da shi suka yi arziki. Da suka ga kasuwarsa ta fara ja da baya, a 1904 suka sayi izinin yin wani sabon zare da ake haɗawa daga itacen da aka narkar, mai kama da siliki, suka koma kansa. Sun kuwa yi dabara, gama da aka yi Yaƙin Duniya na Farko, daga 1914 zuwa 1918, mutuwa ta yi yawa har ba gidan da ba a yi rashi ba, mata kuma suka fita aiki a masana'antu, ba halin yawo da mayafi mai tauri a fuska. Daga nan al'adar ta yi ta mutuwa.

To, sai wainar. A wajen 1393 wani dattijo a birnin Faris ya rubuta wa amaryarsa littafi na koyon riƙon gida, a ciki har da yadda ake soya crespes da garin alkama da ƙwai. Kun ga s ɗin yana nan a lokacin. Dalilin sunan kuwa a fili yake ga duk wanda ya tsaya bakin murhu. Ƙullun ruwa-ruwa ne, a kan zuba shi shara-shara a kasko mai faɗi. Da ya ji zafi sai gefensa ya bushe ya nannaɗe sama, fuskarsa ta yi 'yan ƙuraje da tamoji. Kamannin da aka gani a gashi, aka gani a yadi, shi aka sake gani a kasko.

Yaya Bafaranshe yake rarrabewa, tun da rubutu ɗaya ne, faɗa ɗaya? Harshensu kamar namu yake, kowane suna ko namiji ne ko mace. Sai suka mai da yadin namiji, wainar kuwa mace. In an ce le crêpe, shi ne yadi. In an ce la crêpe, ita ce waina. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi karatun Faransanci sun san wannan le da la, sun kuma san bulalar da aka sha a kansu.

Inda wainar ta fi suna shi ne wani lardi a arewa maso yammacin Faransa, wanda ya kutsa cikin teku, ana kiransa Biretan. Kada ku ruɗa shi da Birtaniya, ko da yake sunayen dangin juna ne, don kakannin mutanen lardin daga tsibirin Birtaniya suka ƙetaro fiye da shekara 1400 da suka wuce. Ƙasarsu ba ta da ƙarfi, alkama ba ta yi sosai a wurare da yawa. Abin da ya cece su wani tsiro ne mai 'ya'ya masu kusurwa uku, wanda suke kira baƙar alkama, ko da yake ba dangin alkama ba ne. Yana yi a ƙasar da ta gaji, kuma yana nuna cikin wata uku. Garinsa ba ya tashi a yi burodi da shi, don haka sai suka riƙa dama shi da ruwa da gishiri suna toyawa a faffaɗan kasko na ƙarfe, suna baza ƙullun da wani ɗan itace mai kama da ƙaramar manjagara. Abincin talaka ne. Yau ga shi ana sayar da shi a manyan birane, a fasa ƙwai a tsakiya, a sa cuku da nama, a naɗe gefe huɗu. Ta farin gari kuwa da sukari ko zuma ake cinta.

Suna da rana guda ta wannan waina, ranar 2 ga Fabrairu, kwana 40 bayan Kirsimeti. Asalinta ranar ibada ce ta Kirista da ake kunna kyandir a coci, amma yanzu har wanda ba ya zuwa coci ya san ran nan a gida ana toya kiref. Akwai wasan da suke yi. Mutum ya riƙe kuɗin ƙarfe a hannun hagu, ya kama kasko da dama, ya wurga wainar sama ta juya. In ta faɗo daidai cikin kasko, wai ba zai rasa kuɗi ba a shekarar. In ta faɗi ƙasa, sai yara su yi dariya, kare ya samu.

Mai son gwadawa ba sai ta je Faransa ba. A sami fulawa kofi 2, da ƙwai 3, da madara rabin lita, da ɗan gishiri, da man shanu cokali 2 a narke. A dama har ya zama ba gudaji, ya fi kunu ruwa kaɗan. A rufe a bar shi kamar awa ɗaya. A shafa wa kasko ɗan mai, in ya yi zafi a zuba ludayi guda, a karkata kaskon nan da nan ƙullun ya bazu ko'ina. Da gefen ya fara nannaɗewa sai a juya. Ba a sa yis, ba a kuma barinsa ya kwana ya yi tsami. Nan ya bambanta da masa da sinasir. Wadda ta iya wainar fulawa ta riga ta iya rabin aikin, sai dai ta rage kauri, ta ajiye manja da attarugu.

Ingilishi suna da tasu irin wainar, suna kiranta da wani suna wanda ma'anarsa wainar kasko. Wannan suna shi ne ya shigo bakinmu ya zama fanke. Amma ku dubi fankenmu: dunƙulalle ne, ya tashi, a cikin mai tsundum ake soya shi. Nasu kuwa shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai. Mun karɓi sunan, mun sa wa abin da muka ga dama. Su ma Ingilishi haka suka yi da crispus. Tun kafin su ari ta yadi daga Faransa sun riga sun ɗauko ta kai tsaye daga Latin, suna cewa crisp ga nannaɗaɗɗen gashi. Sannu a hankali ma'anar ta gusa, ta koma abin da ya soyu ya bushe yana ƙaras-ƙaras a baki, har yau da ita suke kiran soyayyen dankalin da aka yanka shara-shara ake sayarwa a leda.

Sunan bai tsaya nan ba. A ƙasar Binin da Safele, inda ake noman itacen roba, a kan tsaga bawon itacen a tari farin ruwansa, a sa masa tsami ya daskare, a bi da shi tsakanin ƙarafa masu juyawa ya fito falle-falle, fuskarsa a yamutse. Wannan ma kiref ake ce masa, da shi ake yin ƙasan wasu takalma. Haka kuma takardar nan mai launi-launi da ake ƙawata ɗaki da ita ranar biki.

Amma wanda ya fi kusa da mu duka yana cikin akwatin ma'aikacin asibiti. In mutum ya yi targaɗe a kan naɗe masa ƙafa da wani bandeji mai kauri, mai miƙewa in an ja shi. Ku duba fuskarsa da kyau, za ku ga tamojin nan. Kiref ne na auduga, kuma murɗaɗɗen zaren shi ke sa ya miƙe ya koma, ya riƙe gaɓa ba tare da ya shaƙe ta ba. A fara naɗi daga wajen yatsu a yi sama, kowane zagaye ya rufe rabin na baya. Kada a ja shi iyakar ƙarfi. In yatsun suka yi sanyi, ko suka kumbura, ko mutum ya ji sun mutu, a kwance nan da nan a sake naɗawa sako-sako, in kuwa ciwon bai lafa ba a koma asibiti. In bandejin ya yi dauɗa ya saki, ba yarwa za a yi ba. A wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu, kada a murɗe shi wajen matsewa, kada a rataye shi a igiya nauyin ruwa ya ja shi, kada kuma a yi masa guga. A shimfiɗa shi a kan tabarma a inuwa. Kafin ya bushe zaren zai koma murɗinsa, bandejin ya sake tsukewa.